Awa 40 a takarda, awa nawa a unguwa?

Sakataren_Yelwa:
Salama gare ku 'yan zaure. Ina da tambaya, kuma ina so a amsa mini tsakani da Allah, Kirista da Musulmi duka, don na san a nan akwai masu fita bishara, akwai masu fita da'awa. Ni ke karɓar rahoton wata na masu sa kai a ƙungiyarmu ta bishara a nan Garwa, arewacin Kamaru. Ba zan kama sunan ikkilisiya ba. Kowa da takardarsa: awa nawa ka yi wa'azi, gida nawa ka shiga, mutum nawa ka koma wa. Ƙarshen wata in tattara, in haɗa jimilla, in miƙa wa shugabanni. Abin da ke ci mini rai shi ne jimillar kullum hawa take, amma unguwannin da aka ce an zaga ba su ma san an zo ba. Akwai mai rubuta awa 40 kowane wata, ba ƙari ba ragi, har watan Afrilu da ba mai iya taka ƙasa bayan sha ɗaya na safe. Na san yadda ake yi. A tura wa wani aya ɗaya ta WhatsApp tun daga gida don agogo ya fara tafiya, a taka a hankali daga Yelwa zuwa Rumde Ajiya, a yi sallama a gidajen da aka san masu su sun tafi kasuwa, a zauna wurin mai shayi, a dawo sha biyu. Awa 4 ta shiga takarda, maganar Allah da ta fita daga baki ba ta kai minti 20 ba. Wannan ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce? Ni kuma da nake sa hannu a ƙasan jimillar, ina da alhaki?

Ɗan_Binuwai:
Ƙarya ce, Malam Sakatare, mu daina kewaye-kewaye. Ananiyas da Safiratu ma ai da gaske suka sayar da filin, da gaske suka kawo kuɗi. Laifinsu shi ne sun bar jama'a su ɗauka cewa duka ke nan. A duba Ayyukan Manzanni sura 5. Wanda ya rubuta awa 4 yana sane da cewa mai karantawa zai ɗauka awa 4 ce ta wa'azi, ya ruɗe shi, ko da ƙafarsa ta wuni a kan hanya.

Maman_Rahila:
Ɗana Ɗan_Binuwai, ka yi gaggawa. Kai ka taɓa shiga gidan mutane a Garwa ka buɗe littafi kai tsaye? Sai ka yi sallama, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi zafi. In an yi haihuwa ka yi barka, in akwai mara lafiya ka leƙa ɗakinsa. Wata matar sai kin yi ta zuwa, har kin taya ta tsince shinkafa, sannan za ta faɗa miki abin da ke hana ta barci. Duk wannan a wane layi na takardar za a rubuta shi? Ni dai ina ƙirga shi, kuma zuciyata ba ta zargina. Takardar nan waɗanda suka tsara ta ba su yi lissafin gaisuwarmu ba. Amma na yarda da abu ɗaya: gaisuwar da ake yi don a samu shiga daban take da zaman mai shayi da Sakatare ya faɗa.

Malam_Lopere:
Assalamu alaikum. Tunda an ce har da mu, ga nawa. A Suratu Ali Imrana, aya ta 188, Allah ya gargaɗi masu murna da abin da suka yi, suna kuma son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Ban ga wata magana da ta fi wannan dacewa da tambayar Sakatare ba. Mu a wurinmu riya ba sai ka faɗi ƙarya da baki ba, ya isa ka shirya aikin ta yadda ido zai ga fiye da abin da ke ciki. Sai dai Maman_Rahila tana da gaskiya. Ziyarar mara lafiya da gaisuwar maƙwabci ibada ce mai zaman kanta. Abin dubawa shi ne me ya fito da kai daga gida. In mutumin ne, to zaman da ka yi da shi ba asara ba ne. In agogon ne, ko ka yi magana awa 4 cur ba tsayawa, akwai tambaya a kanka.

Kawu_Pitowa:
Sakatare bai gama lissafa dabarun ba. Ran Lahadi, ranar kasuwar Pitowa, ku zo ku gani. Wasu samari biyu kan kafa ɗan tebur ƙarƙashin darbejiya, can nesa da inda mutane ke wucewa, su jera takardu, su ɗora dutse a kai saboda iska, kowa ya duƙa kan wayarsa. Mai awaki ya wuce, mai albasa ya wuce, ba wanda suka ɗaga kai suka ce masa sannu. La'asar su kaɗe ƙura su nannaɗe kayansu. Wuni guda ke nan a takarda, kuma kowannensu zai rubuta nasa, ya zama biyu. Akwai kuma masu zaɓen ƙauye mafi nisa, su je Lagdo ko Ngong alhali maƙwabtansu na bayan katanga ba su taɓa jin bakinsu ba, saboda zuwa da dawowa duk ana ƙirgawa. Akwai masu tafiya su shida gida ɗaya, mutum ɗaya ya yi magana, shida su rubuta.

'Yar_Domayo:
Kawu, ka yi haƙuri, kada a yi wa masu tebur kuɗin goro. Mu a Marwa muna ajiye tebur, kuma akwai mutanen da ba za su taɓa yarda ka shiga gidansu ba saboda idon dangi, amma za su ratse su tsaya su yi tambaya ɗaya su wuce. Irin wannan mutumin sai ka yi zaman jiransa. Ana iya wuni ba wanda ya tsaya, kuma wannan ba laifin mai zaman ba ne. Wanda ya kai teburinsa inda ba kowa, ya juya wa hanya baya, shi ne ya san abin da yake yi.

Kawu_Pitowa:
Su nake nufi, 'yata. Inuwa suka bi, ba mutane ba.

Baba_Gidar:
Ni tsoho ne, jikana ke rubuta mini. Lokacin da muke fita bishara da keke a ƙauyukan Gidar da Figil, ba wanda ya ba mu takardar awa. Agogon ma mutum nawa ke da shi? Sai ka isa gari, ka fara gaishe da mai gari, ya nuna maka inda za ka sauka. In damina ce ka shiga gona tare da su, ka yi noma har hannu ya yi kanta, da dare bayan tuwo a zauna a tsakar gida, nan ne magana ke fitowa. In an yi rasuwa ka zauna zaman makoki har a tashi, ba ka ce uffan ba sai addu'a in an nema. Da ka dawo dattawa za su zaunar da kai su ce, wa ka samu? Yaya sunansa? Matarsa ta warke? Yaushe za ka koma? Tambayar nan ba ta da hanyar zillewa, don in ka ƙirƙiri suna, wata mai zuwa wani zai bi ta garin ya nemi mai sunan. Ban ce mutanen da waliyyai ne ba, akwai ragwaye a cikinmu, kuma an san su. Sai dai rago a lokacin ba shi da abin fakewa. Yanzu kun ba shi takarda da biro.

Ɗalibin_Dang:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Bari in kawo misalin waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan wannan tsari, wato Shaidun Jehobah. Kusan shekara ɗari kowane mai shela, wato mai fita wa'azi, a cikinsu yana ba da rahoton awoyinsa duk wata, ana tattarawa daga ikilisiya har zuwa hedkwata, a buga jimillar duniya a rahoton shekara. Kafin korona jimillar ta haura awa biliyan 2 a shekara. Wanda ya zama majagaba na kullum, wato mai wa'azi na cikakken lokaci, a da awa 90 ake nema gare shi a wata, aka mayar da ita 70 a 1999, sannan 50 a 2023. A watan Oktoba na 2023 ɗin suka sanar cewa daga 1 ga Nuwamba mai shela wanda ba majagaba ba ya daina rubuta awa gaba ɗaya. Alama kawai zai sa cewa ya yi wa'azi a watan, sai adadin mutanen da yake nazarin Littafi Mai Tsarki da su. In waɗanda suka shahara da ƙirgar awa sun sauke ta daga kan yawancin mutanensu, me ya sa ƙananan ƙungiyoyinmu ke riƙe da ita?

Ɗan_Binuwai:
To ka gani! Su ma sun gano ana yi musu cushe ke nan.

Goggon_Baladji:
A'a, Ɗan_Binuwai, kada ka sa musu magana a baki. Ƙanwata tana cikinsu a nan Ngaundere, ni ba na ciki, amma ba su ce sun soke don ana cushe ba. Kuma majagaba har yanzu suna rubuta awa, don su da kansu suka ɗauki alkawarin. Sannan mu tuna tarihin mutanen nan a ƙasarmu. Gwamnatin Ahijo ta haramta su a 1970, ba a ɗage ba sai 1993. Waɗanda suka yi wa'azi a ɓoye a shekarun nan, suna iya kwana a kurkuku saboda shi, ba za a ce don cika takarda suke yi ba. Abin da na lura da shi kawai, lokacin korona da suka daina shiga gida-gida daga 2020 har zuwa Satumba 2022, sai suka koma wasiƙa da waya. Ƙanwata kan zauna ta rubuta wasiƙa da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata ba ki buga ɗaya a inji ki yi kwafi ba? Ta ce wasiƙar hannu ita mutum ke karantawa, ta inji sai a ƙunshe ƙosai da ita. Wani zai ce jan lokaci ne, ni na ga ta yi da zuciya ɗaya. Daga waje ba ka iya rarrabewa.

Alhajin_Kuseri:
Mu masu fita tare da jama'ar Tablig ba awa muke ƙirgawa ba, kwana ne. Jama'ar tun daga Maulana Ilyas na ƙasar Indiya take, a shekarun 1920, tsarin kuwa shi ne: kwana 3 a wata, kwana 40 a shekara, wata 4 sau ɗaya a rayuwa. Kowa da kuɗin aljihunsa, kowa da tabarmarsa, a kwana a masallaci. In jama'a ta dawo sai a zauna a ba da labarin fitar da baki, gaban waɗanda aka tafi tare da su. Kwana yana da wuyar ƙarawa, don ko ka kwana a masallacin ko ba ka kwana ba, mutum goma sun gani. Amma kada in yi kamar mun tsira. Shaiɗan ba ya rasa ƙofa. Mutum yana iya cika kwanakinsa ba gibi, jikinsa a halƙa, hankalinsa yana kan motar kayansa da ke jiran tsallaka gada zuwa Njamena. Manyanmu kullum suna jan kunne a kan haka, shi ya sa ake yawan maimaita gyaran niyya safe da yamma.

Malam_Lopere:
Alhaji ya faɗi gaskiya. Kuma akwai mai dawowa ya riƙa sako maganar kwana 40 ɗinsa a kowace hira, har a wurin ciniki. Shi ma rahoto yake bayarwa, takarda ce kawai babu.

Sakataren_Yelwa:
Na gode muku duka. Akwai abin da ban faɗa ba a farko, kuma ina ganin shi ne ƙashin bayan maganar. A wurinmu wanda ya kai awa 30 ana ba shi ɗan kuɗin moto, wato babur na haya, a ƙarshen wata. Ba wani abu ne mai yawa ba, amma ga matashin da ba shi da aiki yana sayen sabulu da katin waya. Kuɗin kuma daga masu tallafa mana na waje yake zuwa, su kuwa jimillar da nake haɗawa ita suke gani. Tun da aka kawo maganar awa 30, takardun da ke zuwa mini da 12 ko 17 suka ɓace. Yawanci 30, 31, 32. Ban taɓa ganin 29 ba.

Mai_Moto_Jambutu:
Ni ɗan moto ne, ina ɗaukarsu, na kowane ɓangare. Akwai wanda zai hau, kafin mu kai kwana ta farko ya miƙo mini 'yar takarda ta kafaɗa, ya ce in karanta in na samu lokaci, shi ke nan ya yi shiru har mu isa. Da ban gane ba, sai yanzu da Sakatare ya yi bayanin agogo. Ashe ni ne mabuɗin ranar. Abin ya ɗan sosa mini rai, gaskiya. Akwai kuma wata tsohuwa da nake kai wa asibiti duba marasa lafiya, ita in ta hau sai ta tambayi mahaifiyata da suna, don na taɓa gaya mata ƙafarta na ciwo. Addininmu ba ɗaya ba, amma in ta yi magana ina saurara.

Akanta_Marwa:
Ina jin ana ta zagin takarda, bari in tsaya mata. Ni aikina lissafi ne. Mutumin da ke Norwe ko Amurka ya cire kuɗinsa ya aiko, yana da haƙƙin sanin me aka yi da su. Zamanin da Baba_Gidar ke faɗa, masu fita ba su da yawa, dattawa sun san kowa da ƙauyen da ya je. Yau ƙungiya ɗaya tana da mutum ɗari a gari uku, wa zai zaunar da kowa? Ba rahoton ne matsala ba, abin da aka zaɓa a ƙirga ne. Awa ba ta da shaida, mai ita kaɗai ya san ta. Ranar da ka ɗaura kuɗi a jikin lambar da ba mai iya bincikawa, ka riga ka san me zai faru. Manoman auduga sun san wannan: tunda nauyi ake biya, sai an samu mai yayyafa wa audugarsa ruwa kafin a ɗora ta kan sikeli. Kuɗin moto a biya shi a kan tafiyar da aka yi, daga ina zuwa ina, nawa aka kashe. A raba shi da awa kwata-kwata.

Baƙon_Zaure:
Ku yi haƙuri, na shigo da sunan da ba a san ni da shi ba. Ni ina cikin waɗanda ake magana a kansu, kuma ba kuɗin moto a wurinmu. Abin da ke akwai shi ne ranar taron wata shugaba yakan karanta sunaye da awoyi gaban kowa. Wane 45, a yi tafi. Wance 50, a yi guɗa. In an zo kanka aka ce 6, sai ɗakin ya yi tsit, bayan an tashi wani dattijo ya dafa kafaɗarka ya ce ɗan'uwa, ka yi sanyi, muna yi maka addu'a. Ni lebura ne, ina fita tun asuba in dawo bayan magariba, Asabar ma ina aiki. Awa 6 ɗin nan daga barcina na yanko ta. Da na ga ba a ganin haka, sai na koyi abin da saura ke yi. In yi wa abokin aiki magana ɗaya da safe, in sake yi masa wata da rana, in ƙirga abin da ke tsakani. Lambata ta hau, aka fara ba ni karatu a gaban jama'a, har ana misali da ni. Abin da ban zata ba shi ne na daina jin daɗin fitar. Da in na yi magana da mutum ina kallon fuskarsa. Daga baya sai na ga ina kallon waya in ga ƙarfe nawa. Ba na neman a wanke ni. Ina so dai masu karanta sunaye su san abin da suke koya wa mutane.

Maman_Rahila:
Allah ya saka maka, ɗana, ba kowa ke iya faɗin wannan ba. Markus sura 12, gwauruwar nan da ta saka 'yan anini biyu, Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa. Da a taron wata ne da ita ce ta ƙarshe a jeri. Mu mata ma haka. Wadda ke da 'yar aiki da mota ta kawo 50, wadda ke ɗebo ruwa da goyo a baya, ta yi girki, ta kai talla, ta kawo 5, sai a ce ta farkon ta fi ƙwazo.

Ɗan_Mokolo:
Ku da ke Garwa kuna da damar yin gardama a kan awa. Mu a Mayo Canaga tun 2014 akwai ƙauyukan bakin iyaka da mutane ke barin gidajensu da yamma su hau dutse su kwana saboda Boko Haram. Mai bishara ko malamin da zai je irin wurin yakan yi rabin wuni a hanya da shingayen sojoji, ya samu rabin awa da mutane, ya juyo kafin rana ta faɗi. In aka ce ya rubuta maganar baki kawai, rabin awa zai rubuta, wanda ya zauna ƙarƙashin darbejiyar Pitowa ya rubuta 8. Shi ya sa ban yarda a ce tafiya ba ta cikin aiki ba. Wata tafiyar ita ce aikin.

Ɗan_Binuwai:
Ba wanda ya ce mutumin Mokolo ya yi ƙarya. Ya rubuta tafiya awa 6, magana rabin awa, kowa ya gani ya girmama shi. Ni abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da wahalar wasu mafakar wasu. Baƙon_Zaure ma da bakinsa ya ce ba ya neman a wanke shi. Matsi gaskiya ne, amma biron a hannunka yake.

'Yar_Domayo:
Wani abu kuma da ba a taɓo ba. Takardun da ake ba mu mu raba yawancinsu da Faransanci ne, alhali tsofaffin da muke samu a gida da rana Fulatanci suke ji, wasu Hausa, da yawa kuma ba sa karatun boko. Ka miƙa wa tsohuwa takardar da ba za ta iya karantawa ba, ka rubuta an raba ɗaya. Shi ma ai cika lamba ne. Gara a sa mana wa'azin murya a waya mu kunna musu.

Ɗalibin_Dang:
Wannan tun tuni Sawtu Linjiila, masu shirye-shiryen rediyo na bishara, ke yi da Fulatanci daga nan Ngaundere. Matsalar ita ce mu matasan da muka tashi a lekol, wato makarantar boko, ba ma iya jan magana mai zurfi da Fulatanci ko Hausa, sai mu fake da takarda.

Mai_Zaure:
Jama'a, maganar harshe a buɗe mata nata zaren. Sakatare ya yi tambaya biyu, ta biyun ba a amsa ba: shi da ke sa hannu yana da alhaki?

Faston_Ngong:
Ɗan'uwa Sakatare, ni ma na taɓa riƙe irin littafinka. Ga yadda nake gani. Ba a ɗora maka sanin zuciyar kowa ba, kuma kada ka zama ɗan sanda a kan 'yan'uwanka, kana bin su a baya kana duba wa ya zauna wurin mai shayi. Ranar da suka gane ana leƙensu, wanda ke fita da gaskiya ma zai fara jin tsoronka. Amma abin da ka riga ka sani, ka sani. Ka ce ba ka taɓa ganin 29 ba. Wannan ba zargin mutum ɗaya ba ne, hali ne na tsarin, kuma shugabanninka ba za su gan shi ba don jimilla kawai kake kai musu. Ka kai musu takardun yadda suke, ka rufe sunaye, ka jera lambobin su gani da idonsu. In ka yi shiru kana miƙa jimillar da kai kanka ba ka yarda da ita ba, kuma kana sane ana aika ta ga masu ba da kuɗi, to nan alhaki ya hau kanka. Mai awa 40 ɗin nan kuma, Matiyu 18 ta nuna hanya: ka same shi ku biyu kawai. Kada ka fara da tuhuma. Ka ce ranar Asabar zan bi ka mu fita tare. Wataƙila ka tarar bai san yadda ake fara magana da baƙo ba ne, kunya ke sa shi zaɓen gidajen da ba kowa. Na ga irinsu da yawa, ba a taɓa koya musu ba, an dai ba su takarda an ce su cika.

Malam_Lopere:
Na yarda da Fasto a kan rashin bin diddigi, mu ma an hana mu a Suratul Hujurat. Sai dai ina ƙara cewa sa hannu shaida ce, kuma shaidar zur tana cikin manyan zunubai. In Sakatare ba zai iya gyara tsarin ba, aƙalla ya rubuta a saman jimillar cewa wannan abin da masu sa kai suka faɗa ne da bakinsu, ba abin da ya tabbatar ba.

Akanta_Marwa:
Malam, wannan layin zai kare Sakatare, amma ba zai canja komai ba, masu karanta rahoto lambar ƙasa suke dubawa. Kuma a shirya: ranar da aka fara rubuta gaskiya jimillar za ta faɗi warwas, masu tallafi su tambaya me ya faru, wataƙila kuɗin ya ragu. Shugabannin da za a kai wa takardun sun san wannan sarai. Kada Sakatare ya ɗauka za a rungume shi.

Sakataren_Yelwa:
Na san haka, Akanta, shi ne ma ya sa na daɗe ina juya abin. Shawarar Fasto ta fita tare da ɗan'uwan nan zan ɗauka, wannan a hannuna take. Kai takardu gaban shugabanni kuwa sai na fara samun dattijo ɗaya da zai tsaya tare da ni, don ni kaɗai za a ce ina ɓata sunan aiki. Abin da nake so in nema shi ne a cire layin awa, a bar layin mutanen da aka koma wa, kamar yadda Baba_Gidar ya ce ana tambayarsu.

Kawu_Pitowa:
Shi ma za a cika shi, Sakatare. Za ka ga an rubuta ƙanin mata da mai gadin layi a matsayin waɗanda ake koma wa.

'Yar_Domayo:
Kuma ku yi hattara da rubuta sunayen mutane. A Marwa akwai wanda in danginsa suka ga sunansa a littafin wata ƙungiyar addini, zaman gidan zai gagare shi. Ni ba zan rubuta sunan wadda ta tsaya a teburina ta yi tambaya a asirce ba, ko shugaba ne ya nema. In za a bi hanyar Baba, a bar ta da baki, tsakanin mutum biyu.

Baƙon_Zaure:
Fasto, ni a wurinmu sakataren shi ne mai karanta sunayen, kuma shi ke fara tafin. Wa zan samu? Watan nan awa 7 na rubuta, taron kuma Lahadi ne.